Me ake nufi da "cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka"?

Duk shekara idan 10 ga Satumba ta zagayo, wato ranar da aka keɓe tun 2003 domin rigakafin kashe kai a duniya, sai ka ji likitoci da lauyoyi a gidajen rediyo suna kiran a cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Mai sauraro da ba a yi wa bayani ba yakan ɗauka ana so ne a halatta wa mutum ya halaka kansa. Ba nan maganar ta dosa ba.

Maganar ta shafi wanda ya yi yunƙurin, Allah Ya sa yana da sauran kwana aka ceto shi. Ina za a nufa da shi, caji ofis ko asibiti? Sashe na 231 na dokar Final Kod, wadda arewacin Najeriya ya fara aiki da ita a 1960, ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. A kudu ma sashe na 327 na kundin laifukansu shekara ɗaya ya yanke. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, kuma Ingilar da ta bar mana shi ta soke nata tun 1961. Abin da masu wannan kira ke nema shi ne a goge waɗannan sassa, a ɗauki mutumin a matsayin majinyaci mai buƙatar magani.

Haramcin abin a addini yana nan daram, babu majalisar da za ta taɓa shi. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i kada mu kashe kawunanmu, a ƙarshen ayar kuma Ya ambaci jin ƙansa gare mu. Haka nan wanda ya zuga wani ko ya taimaka masa, shi bai kuɓuta ba. Dokar Ingila ta 1961 ɗin da kanta ta tanadar wa irin wannan ɗaurin da ya kai shekara 14.

Akwai masu cewa tsoron gidan yari yana hana mutane. Na fahimci damuwarsu, amma ban yarda ba. Wanda duniya ta yi wa ƙunci har ya fid da rai da ita, ba shekara guda a kurkuku ce za ta tsorata shi ba. Waɗanda dokar ke tsoratarwa su ne iyaye da 'yan uwa. Yarinya ta yi yunƙuri, maimakon a garzaya da ita asibiti sai a kulle ƙofa a yi ta dabarun gida, don gudun 'yan sanda da bakin unguwa. Idan ma an kai ta, sai a ce wa likita tsautsayi ne. A yi maganin jiki a sallame ta, abin da ke cin zuciyarta babu wanda ya taɓa shi. Nan haɗarin yake, domin masana sun tabbatar cewa yunƙurin farko yana cikin manyan alamun cewa mutum zai iya sake gwadawa. Irin wannan rufin asiri kuma yana hana gwamnati sanin girman matsalar, tunda ba a rubuta gaskiya a takardun asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma tana goyon bayan soke irin waɗannan dokoki. Pakistan ta soke tata a 2022, Malesiya a 2023, dukkansu ƙasashe masu rinjayen Musulmi. Majalisar Ghana ta yi haka a watan Maris na 2023. A Najeriya, Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sannan a 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana aniyar gwamnati ta cire yunƙurin daga jerin laifuka.

Sai dai goge sashe a takarda shi ne mai sauƙin. Idan an ce asibiti za a kai mutum, dole a tarar da mai duba shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma sama da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, sun yi wa ƙauyuka da yawa nisa. Shi ya sa ake son a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane ciwon damuwa, wanda mu kan fassara da lalaci, ko raunin imani, ko shafar aljanu. Ciwo ne, yana da magani, kuma addu'a ba ta hana zuwa wurin likita.

A gida kuwa ba sai an jira majalisa ba. Idan ɗan uwa ya fara cewa "gara ma in mutu in huta", ko ya janye daga mutane, ko ya kama rabar da kayansa yana neman gafara babu dalili, kada a ce masa ya daina saɓo a wuce. A zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi asibiti mafi kusa a ranar, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya faɗa.