Wai mene ne "kamfireshin" da makanikai ke yawan faɗa?

Duk wanda ya taɓa zama rumfar makanikai a Agege ko Idi-Araba ya ji ana cewa "injin nan kamfireshin ɗinsa ya tafi". Kwanaki wani ƙanina da ke aiki wajen masu ba da hayar baburan nan masu ƙafa huɗu a bakin teku can Lekki ya bugo min waya, wai ogansu ya ce a sassaƙe kan silinda, wato murfin saman injin, na wata tsohuwar Yamaha Banshee don ta ƙara ƙarfi, shi kuma tsoronsa kada hakan ya lalata karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan injin. Na ce masa wallahi tsoronka na kan hanya.

Kamfireshin dai matsi ne. Fistin ya hau sama, ya matse iska da fetur a ɗan wurin da ya rage ƙarƙashin kan silinda, sai fulogi ya ba da wuta. Banshee, wadda aka fara sayarwa a 1987, daga kamfani ta zo da matsin 6.5 zuwa 1, wato haɗin iska da fetur ya koma kashi ɗaya cikin shida da rabi na girmansa. Lambar ta yi ƙasa da ta mota ne saboda injin tu-sirok ne, irin na ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kuma a nan ana fara lissafi ne daga inda fistin ya rufe ƙofar hayaƙin da ke jikin silinda. In ka sassaƙe kan, wurin ya ƙara matsewa, bugun ya ƙara nauyi, babur zai fizga da kyau tun injin bai ɗau gudu ba, a cikin yashi ma za ka ji bambanci.

To amma duk bugun nan a ina yake sauka? Fistin ya tura wa kwanrod, wato ƙarfen da ya haɗa fistin da karanshaf, kwanrod ya tura wa karanshaf da boris ɗinsa. Kuma karanshaf na Banshee ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne, gunduwa-gunduwa ne aka danna su da injin matsi suka kama juna, silinda biyu ne, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, to in bugu ya yi yawa sai haɗin ya ɗan murɗe, fistin ɗaya ya daina isowa a kan lokacinsa, injin ya kama rawa yana cin boris har wata rana ka ji ƙarar da ba ka so. Shi ya sa masu wannan harka suke fara daidaita karanshaf su ɗiga masa walda a wuraren haɗin kafin su taɓa kan.

Ni abin da ya fi damuna ma fetur ne. Matsi in ya wuce ƙarfin oktan ɗin man, wato juriyarsa ga matsi, ragowar haɗin iska da fetur sai ya fashe da kansa, ka ji ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fashewar kamar guduma take a kan boris, tana kuma iya huda fistin. Masu tsere a Amurka suna da man tsere na musamman, mu kuwa abin da gidan mai ya ba mu ne, wani lokacin ma na jarka. Ga Legas a daidai bakin teku take, iska ta fi ta Jos nauyi, injin ɗaya in ka sa masa geji a nan sai ya nuna matsi sama da na can, ga zafi kuma.

Na ce wa ƙanin nawa ya fara auna matsin da geji, in ya yi ƙasa wataƙila ringi ne kawai ya cinye, sabo zai dawo da ƙarfin. In oga ya dage, a sassaƙe kaɗan, a zura wayar dalma ta ramin fulogi a juya injin fistin ya matse ta, a auna kaurinta don a ga tazarar fistin da kan, ta tsaya wajen milimita 1, a kuma ɗan ƙara girman jet ɗin kafireto, wato ɗan ramin da fetur ke bi. Ya kuma shirya ƙafarsa, don Banshee ba ta da sitata, kik ne, kuma zai yi tauri.