Waiwaye: yadda tsaron jami'a ya tsaya a bakin get

Kwanan nan duk guruf ɗin ɗaliban Kano da ka leƙa maganar ɗaya ce, a kawo 'yan sanda na musamman su tare a cikin makaranta irin na Amurka, wasu ma cewa suke a ba sikiriti bindiga kawai a huta da ƙwacen waya. Ana ta magana kamar jiya abin ya fara.

Hare-haren farko-farkon kowa ya san su. Harin 20 ga Janairun 2012 a cikin garin Kano, sai na tsohuwar harabar Jami'ar Bayero (BUK) a ƙarshen Afrilun shekarar, sai na Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) a Satumbar 2014. Daga nan aka koma buɗe but ɗin mota da duba katin shaida da layin motoci a get, kuma lokacin ne ya kama a yi hakan.

Amma abin da ba a cika tunawa ba a hankali ya faru, ba ƙara ba hayaniya. Ɗalibai suka fi ƙarfin hostal, sai suka fantsama haya cikin unguwanni, Ɗanbare, Rimin Gata, Ɗorayi, Janbulo, Kabuga, garin ma ya yi ta tafiya har ya iske sabuwar harabar BUK a titin Gwarzo wadda a da kamar daji take. A hostal akwai baba mai gadi da ya san fuskar kowa, ya san mai dawowa daga karatun dare, baƙon ido na shigowa zai ce masa samari wajen wa ka zo? Ai wannan shi ne tsaron al'ummar da ake ta kira yanzu. To shi ɗalibin da ya kama ɗaki a unguwa fa, ikon sikiriti ya ƙare a get, mai unguwa bai san da zamansa ba, 'yan sintirin layin ba su san fuskarsa ba, shi ma baƙo ne daga Gombe ko Kogi bai san lungun da ba a bi bayan isha'i ba. Ni kaina shekara biyu na yi a haya, wallahi ban san ƙofar mai unguwarmu ba sai ranar da aka fasa ɗakin maƙwabcina aka ɗauke masa laftof, har yau abin yana damuna.

Masu kawo misalin Amurka su sani, ko a jami'ar Yale da aka fara ajiye 'yan sanda a cikin makaranta a 1894 da 'yan sanda biyu, rashin jituwa tsakanin ɗalibai da mutanen gari ne ya jawo shi. Mu ma dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, sai dai da wuya ka ga ɗalibi ɗan haya a irin wannan zama.

Caji ofis a cikin makaranta zai tsare aji da laburare. Yarinyar da ta sauka daga adaidaita sahu bayan magariba, da sauran tafiyar ƙafa kafin ta kai ɗakinta, ita a bayan katanga take.