Tambayoyi a kan lambar 2,147,483,647

Yaya ake karanta ta, kuma ina aka samo ta?

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A jera 2 har guda 31, a ninka su da juna, a cire 1, sai ta fito.

Cika ce ko mara?

Mara ce, tunda da 7 ta ƙare.

Akwai lambar da za ta raba ta ba saura?

Babu, sai 1 da ita kanta, kuma darajarta ke nan. Lambobi marasa rabuwa masu wannan siffa, wato jerin 2 da aka ninka da juna aka cire 1, suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Wannan ita ce ta takwas, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Kada dai a zaci siffar kaɗai ta isa: 2 guda 11 a cire 1 ya ba da 2,047, wanda 23 sau 89 ne.

Wa ya tabbatar, alhali babu kwamfuta a lokacin?

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, a 1772, idanunsa ma sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Dabararsa ce ta fi burge ni. Ba sai an gwada abin da ya haura 46,340 ba, domin in lambar tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya kasance bai wuce nan ba, tunda 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce ta. Sannan duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta, sai ta zama ninkin 62 da ƙarin 1. Da irin waɗannan ƙa'idoji ya tankaɗe dubban lambobi, ya gwada 'yan kaɗan da suka rage, babu wadda ta shiga.

Mene ne alaƙarta da kammalallun lambobi?

Kammalalliyar lamba ita ce wadda in an tara masu raba ta, ban da ita kanta, ita ce za ta dawo, kamar 6 da ke 1+2+3. Tun zamanin Euclid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, aka san kowace lambar Mersenne marar rabuwa tana haifar da ɗaya. Tamu sau 1,073,741,824 ta ba da 2,305,843,008,139,952,128.

Me ya sa masu rubuta manhaja suka haddace 2,147,483,647?

Ita ce iyakar abin da kwamfuta ke ajiyewa a gurbi 32 na sifili da ɗaya, in an ware gurbi guda don nuna ko lambar tana ƙasa da sifili. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi haka tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgar za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, kuma agogon da ba a mayar gurbi 64 ba zai iya komawa shekarar 1901.