Kafin mu ƙara wa yaran nan wani aiki a coci

Wata uwa ta kawo min 'yarta mai shekara 15 a ɗakin duba marasa lafiya, wai ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga ciwon ciki kusan kowace safiya. Muka auna jini, muka duba ido, ba mu ga komai ba. Sai na miƙa wa yarinyar takarda da biro na ce, "'Yata, rubuta min yadda makonki yake tafiya, daga tashi har kwanciya." Ta cika shafi ta juya baya. Makaranta, darasin yamma saboda jarrabawa, aikin gida, renon ƙanne, gwajin waƙa sau biyu a mako, nazarin Littafi Mai Tsarki, zumuntar matasa, ran Lahadi kuma ita ke taya malamar yara. Sai bayan ƙarfe 11 na dare take buɗe littattafanta, waya a gefe tana ta walƙiya da saƙonni. Barcinta bai kai awa biyar ba. Da na tambaye ta wanne za ta iya ajiyewa, idanunta suka cika da ƙwalla, ta ce, "Ai aikin Ubangiji ne, yaya zan ce a'a?"

Amsar nan ta daɗe tana damuna, domin ni ma ina cikin masu hidimar matasa a ikilisiyarmu, kuma na san halinmu. Yaron da ba ya musu, shi muke ta ɗora wa kaya. In an rasa mai jagoran addu'a, shi. In an rasa mai shirya kujeru, shi. Muna yaba masa a gaban jama'a, ba wanda ya taɓa tambayarsa ƙarfe nawa ya kwanta jiya.

Jiki magayi. Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jijiyoyin wuya da kafaɗa su ɗaure, ciki ya rage narkar da abinci. Allah ya yi mu haka don mu tsere wa haɗari na ɗan lokaci. Amma in abin ya zarce makonni babu sassauci, sai ka ga ciwon kai, ɓacin ciki, mantuwa, saurin fushi, da karatun da ba ya zama a kai. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Ga kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba: da balaga ta zo, melatonin, sinadarin da ke kawo barci, yakan jinkirta fitowa da dare, har kusan awa biyu. Shi ya sa matashi yake juye-juye a gado da dare, da asuba kuma tashinsa sai an yi da gaske, mu kuwa sai mu ce ragwanci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da ciwon damuwa suna sahun gaba. A taron matasa 35, lissafin ya nuna biyar ke nan.

Inda na fi so mu tsaya shi ne 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, barazanar sarauniya Yezebel ta kore shi jeji, ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Dubi abin da Allah ya fara yi masa. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa ga ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai can a Dutsen Horeb Allah ya tambaye shi me yake yi a wurin, ya saurari kukansa har sau biyu, daga baya ya ba shi Elisha ya zama mataimakinsa. Mu kan fara da wa'azi da tsawa a kan ƙarancin bangaskiya, Allah kuwa ya fara da barci da abinci. Yesu ma, a Markus 6:31, ya janye almajiransa gefe su huta, domin jama'a sun hana su ko sararin cin abinci.

Saboda haka, ya ku shugabannin matasa, ku zauna ku ƙirga yammaci nawa a mako coci ke karɓa daga hannun yaro ɗaya. Lokacin jarrabawa a rage taruka, kuma a faɗa daga kan bagade cewa wanda ya ce "ba zan iya wannan karon ba" bai yi zunubi ba. Iyaye, a daina gwada yaro da ɗan wane, waya kuma ta kwana a wajen ɗakin barci, har da taku. In kun tambaya ya ce "ba komai", kada ku tashi nan da nan. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Akwai inda hutu kaɗai ba ya isa. Idan baƙin ciki ya kai mako biyu, yaro ya janye daga abokai, ya daina abin da yake so, ci da barcinsa suka canza, ko kuka ga yanka a hannunsa, ku yi addu'a ku kuma kai shi asibiti. In ya ambaci mutuwa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a nemi likita a ranar.

Yarinyar nan, mahaifiyarta ce ta je ta sami shugaban mawaƙa da kanta. Yarinyar ta ajiye taya malamar yara da gwajin waƙa ɗaya har bayan jarrabawa. Da ta dawo bayan wata guda, ciwon cikin ya tafi, ciwon kan kuma sai jifa-jifa.