Mece ce iska mai nauyi, kuma ina haɗarinta?

Mai yawan kallon bidiyon kimiyya a waya ba zai rasa cin karo da wannan ba: mutum ya zuƙi iska daga balan-balan, ya buɗe baki, sai murya ta fito da kauri, ta sauka ƙasa can. Wani kuma kwale-kwale ne na takardar alminiyam yana lilo a tsakiyar akwatin gilashi, alhali ido bai ga abin da ya riƙe shi ba. Ba sihiri ba ne. Iska mai nauyi ce, wato duk iskar da, in aka auna ta lita da lita, ta rinjayi wadda muke shaƙa.

Ta cikin bidiyon ana ce mata SF6, nauyinta ya kai wajen ninki 5 na iskar duniya. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ainihin aikinta a manyan na'urorin wutar lantarki yake, inda take hana tartsatsi. Sauti yana tafiya a hankali a cikinta, shi ya sa amon murya ke canzawa.

Malamin kimiyya a Yamai ba ya bukatar ta. Bikarbonat da ruwan lemun tsami a kwalba sun wadatar: kumfar da ke tashi CO2 ce, wato iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, mai nauyin ninki ɗaya da rabi na iskar duniya. A karkata kwalbar a hankali kan kyandir, ba tare da ɗigon ruwa ya zuba ba, sai wutar ta mutu. Ɗalibai sukan yi tafi. Abin da ya kamata su riƙe shi ne, wannan iska halin ruwa gare ta: tana zuba, tana gangarawa, tana taruwa a rami, ta kori iskar da ta tarar.

Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Idan ya ragu, jiki ba ya ankara da wuri, domin abin da ke sa mutum jin ƙuncin numfashi taruwar CO2 ce a jini. SF6 ba guba ba ce, amma wanda ya zuƙe ta sau biyu, sau uku a jere, yana cikin dariya zai iya yanke jiki ya faɗi. A ganina wannan wasa bai cancanci aji ba, balle ɗakin samari. Ita kuwa CO2 in ta yi yawa, da kanta take sumar da mutum. A watan Agusta na 1986 tafkin Nyos na Kamaru ya yi aman wannan iska cikin dare, ta bi kwari ta gangara ƙauyuka, mutane fiye da 1,700 suka mutu, har da dabbobinsu.

Masu haƙar rijiya sun daɗe da sanin wannan: a zura fitila da igiya, in ta mutu a ƙasa, ba mai sauka. Kuma in wani ya suma a ciki, kada ɗan'uwa ya diro don ceto, gawa biyu ake fitarwa.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce gaz ta girki. Butan, wato gaz ɗin da ke cikin tukunyar, ya ninka iska nauyi kusan sau 2, don haka in tiyo ya tsage ba sama yake yi ba, daɓe yake bi, daidai inda yara ke kwance kan tabarma. Warin da ake ji ma ƙara masa shi aka yi da gangan. A nan gwajin fitila haramun ne, wuta za ta tashi. A rufe kan tukunyar, kada a taɓa makunnin lantarki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa har ƙasa, domin ƙaramar taga ta sama ba za ta kwashe shi da sauri ba.