Algoritim: kalmar da ake ɗora wa laifin kowa

Kwanan nan ba ka kunna rediyo ko ka leƙa salula ba ka ci karo da ita ba. Mai tallar atamfa a TikTok ta ce algoritim ya ɓoye mata bidiyo. Ɗan siyasa ya ce algoritim ɗin Turawa ne ya hana talakawa jin jawabinsa. Masu sharhi kuwa har cewa suke wai ya san abin da ke zuciyar mutum. A nan Maradi an kusa mayar da shi ɗaya daga cikin iskoki, mai hawa kan waya, ya so wannan ya ƙi wancan, ba a tambayarsa dalili. Wannan fahimtar ce ke ci mini rai, don tana sa mutane su sallama wuya ga abin da ɗan Adam ɗan'uwansu ya zauna ya rubuta.

Algoritim jerin matakai ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya don a warware wata matsala, kowane mataki a fayyace, kuma aikin yana da ƙarshe. Ba dole sai da kwamfuta ba. Yarinyar da ke talla a babbar kasuwa, in aka ce mata faran 750, take za ta ce dala ɗari da hamsin. Ta raba da biyar ke nan, kuma kowane kuɗi aka kawo mata hanyar ɗaya ce.

Sunan ma ba na Turawa ba ne. Na Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ne, malamin lissafi da ake dangantawa da Khawarizm, yankin da yau yake tsakanin Uzbekistan da Turkmenistan. Ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ya rubuta littafi kan lissafi da alƙaluman Indiya, waɗannan da muke rubutawa yau har da sifiri. Da aka juya littafin zuwa Latin a ƙarni na 12 sai sunansa ya koma Algoritmi a bakin mutanen Turai, daga baya ya zama sunan hanyar lissafin kanta. Abin da ya fi burge ni shi ne, babban kaso na littafinsa na aljabara a kan wasiyya da rabon gado yake. Malamin da ke zaure yana fitar da tumunin takaba kafin ya zo kan rabon 'ya'ya, mataki bayan mataki, ya fi kusa da asalin kalmar fiye da mai ihu a rediyo.

Amma in kana son ganin algoritim tsirara, nemi kalkuleta mai zana layukan lissafi, irin wadda wasu ɗaliban lise, wato babbar sakandare, ke samu hannun yayye, Casio Graph 35+E ko TI-83 Plus. Ita TI-83 Plus ta fito a 1999. Ƙwaƙwalwarta Z80 ce, ƙirar 1976, wurin aikin da aka bar wa mai ita bai wuce kilobait 24 ba, na ajiya kuma kilobait 160, fuskarta ɗigo 96 a kwance, 64 a tsaye. Hoto ɗaya na salularka ba zai shiga cikinta ba. Duk da haka matasa a ƙasashe da yawa sun shafe shekaru suna rubuta mata wasanni don sha'awa kawai, suna raba wa juna kyauta. Ba ta cin mega, kuma ko an ɗauke wuta batir huɗu ƙanana sun ishe ta.

A ce ɗaliba tana son rubuta wasan maciji, wanda duk mai tsohuwar Nokia ya sani. Fuskar rubutu ta TI-83 Plus layi 8 ce, kowane layi gurbi 16. Sai ta ajiye lambobi biyu, layin da kan macijin yake da gurbinsa. Ta tambayi na'ura da umarnin getKey ko an danna wani maɓalli. In amsar 24 ce hagu ake nufi, 26 dama, 25 sama, 34 ƙasa, in sifiri ce ba a taɓa komai ba, maciji ya ci gaba inda ya dosa. Ta ƙara ɗaya ko ta rage ɗaya, ta zana kan a sabon wuri da umarnin Output, ta duba ko ya hau abinci ko ya ci bango, ta koma farko. In ta manta duba bango, lambar layi ta kai 9, na'ura za ta tsaya cak ta nuna kuskure. Ba fushi ta yi ba. Ba a gaya mata abin da za ta yi a nan ba ne.

Wutsiya ce ke raba mai kwaikwayo da mai fahimta. Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a jera wurin kowace gaɓa ta macijin, duk taku ɗaya a matsar da su gaba ɗaya, a goge fuska, a sake zana shi daga kai har wutsiya. Tana aiki lafiya lau in gaɓoɓin uku ne. Da sun kai ashirin sai wasan ya fara jan ƙafa, fuska na ƙifta ido, ka danna maɓalli ka jira. Ɗalibar da ta yi haƙuri ta zura wa macijin ido za ta gano cewa tsakiyarsa ba ta motsi ko kaɗan. Abu biyu kawai ke sauyawa: kai ya shiga sabon gurbi, ƙarshen wutsiya ya bar nasa. To, a goge gurbi ɗaya, a zana ɗaya, a rubuta sabon wurin kai a inda tsohon wurin wutsiya yake cikin jerin. Yanzu aikin zane ɗaya ne, ko maciji gajere ne ko ya cika fuska. Wasa ɗaya, na'ura ɗaya, harshen rubutu ɗaya, amma algoritim biyu, kuma ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba.

Nan ne bambancin da ake cakuɗawa ya fito. Algoritim shi ne dabarar. Kod shi ne rubuta ta da harshen da na'ura ke ji. Manhaja kuma ita ce abin da aka gama aka miƙa maka. Dabarar wutsiyar nan za ka iya kai ta Casio, inda umarnin zanen sunansa Locate, ko ka rubuta ta da wani harshen kwamfuta irin Python, ba abin da zai sauya a cikinta.

To na Facebook fa? Ya fi na maciji girma ninkin ba ninki, kuma wani sashensa yana gyara lissafinsa da kansa daga abin da mutane ke dannawa. Amma abin da zai nema, mutane ne suka zaɓa masa. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 an ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki biyar, alhali alamar so ta yau da kullum maki ɗaya. Rubutun da ke tunzura jama'a sai ya riƙa hawa sama. Daga baya kamfanin ya rage makin fushin har ya kai sifiri. Wani ne ya rubuta biyar, wani ya goge ta. Duk wanda ya ce maka algoritim ne ya yi, ko bai sani ba, ko yana kare wanda ya rubuta lambar ne, kuma ɗan jaridar da ya bar maganar ta wuce bai tambayi wa ya rubuta ba, bai yi wa masu saurare adalci ba.

Shi ya sa nake jin ciwo in na ji an kama yaro da wasa a kalkuleta an yi masa faɗan ɓata lokaci, ba a ko tambaye shi ba ko shi ya rubuta. In shi ne, malam ya ce ya nuna yadda ya yi da wutsiya, sannan ya ba shi wanda ya fi wuya. Ga dara nan: gurbinta talatin za su shiga fuskar TI-83 Plus har da saura, zana su aikin yamma ɗaya ne. Wuyar tana wajen koya wa na'urar inda za ta kasa ɗanta da wanda za ta ci in ta jera uku. Wannan kam sai yaron ya je gindin bedi wajen dattawan da ke buga ta, ya yi ta tambayarsu dalilin kowane taku har ya iya rubuta shi layi-layi.