Harajin kuɗin haya: Ina masu gidaje suka samo maganar kashi 25?

Tun da dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wasu masu gidajen haya suka samu abin fakewa. Wai gwamnati za ta riƙa kwashe kashi 25 cikin ɗari na kuɗin haya, don haka dole su ƙara wa 'yan haya kuɗi. Wannan magana ba ta da tushe.

Harajin kuɗin haya ba sabo ba ne, dama yana cikin tsohuwar doka, biya ne kawai ba a yi. Kuma ba a kan duk abin da mai gida ya karɓa ake yankawa ba, sai abin da ya rage bayan ya fitar da ɗawainiyar gidan: gyaran kwanon da ke yoyo, fenti, famfo, yasar shadda da makamantansu. Ɗora sabon bene ko ƙara ɗakuna kuwa ba gyara ba ne, jari ne, ba ya shiga wannan lissafi.

A ce gidanka yana kawo naira miliyan 2 a shekara, ka kashe 500,000 wajen gyara. Saura miliyan ɗaya da rabi. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Ragowar 700,000 ne ake ɗaukar kashi 15, wato 105,000. Kashi 25 ɗin da ake ta yayatawa yana hawa ne kawai kan abin da ya haura miliyan 50 a shekara. Sai dai in kana da albashi ko wata sana'a, haɗa su ake yi da kuɗin hayar, lissafin ya canja.

Inda aka fi rikicewa shi ne kashi 10 da ake cirewa tun daga tushe. Kamfani, banki ko ma'aikatar gwamnati da ke haya a gininka, doka ta ɗora musu riƙe wannan kaso su miƙa wa hukumar haraji. Ba ƙarin haraji ba ne, kafin alƙalami ne, za a ɗebe maka shi daga abin da ake binka, muddin ka karɓi takardar shaidar biya. Malamin makarantar da ya kama ciki da falo ba ruwansa da wannan cirewa.

Ɗan haya kuma an ba shi rangwame: kashi 20 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, ana cirewa daga kuɗin shigarsa kafin a lissafa masa haraji. Ba kuɗi ake ba shi a hannu ba. A ganina nan ne ainihin abin da ke tayar wa wasu masu gidaje hankali, domin kafin ɗan haya ya samu rangwamen sai ya bayyana nawa yake biya, daga nan hukuma ta san abin da ke shiga aljihun mai gida. Wanda ya yi shekaru yana gina ɗan gidansa da adashi yake zaune a ciki, shi bai samu wannan rangwame ba, kuma wannan ban ga adalcinsa ba.

Tara ma akwai ta. Ƙin miƙa bayanin kuɗin shiga yana jawo naira 100,000 a watan farko, da 50,000 kowane wata bayan haka. Ga mai gidan misalinmu, jinkirin wata biyu ya zarce harajin shekarar gaba ɗaya. Sannan gyaran da ba ka da rasidinsa, da wuya jami'in haraji ya yarda ya cire maka shi, ko da magini zai zo ya rantse.